Bakin Kibiya a Surame

Ran Asabar muka bar Sakkwato da jijjifi,
Ɗalibai sha tara, da ni, da Modi direba,
Motar haya mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Modi ya dafa ta ya ce, "Halinta ke nan,
Ba ta taɓa kwana da ni a daji ba."

Muka haye Rima, ruwa ya ja da baya,
Masu albasa sun duƙa cikin fadama,
Ko ɗaya bai ɗaga kai ya dube mu ba.

A aljihuna takarda ce ninki huɗu,
Na cika ta da shekaru da sunayen sarakai,
Wa ya gina, wa ya kewaye, wa ya ci wa.
Daren jiya na haddace ta kamar mai jarrabawa,
Don kar yaro ya tambaya in ce ban sani ba.

Can wajen Binji kwalta ta sallame mu,
Yashi ya riƙe taya, muka sauka turi,
Ƙaya ta ƙwace wa Luba takalmi ɗaya,
Arzika na dariya har ya faɗi zaune,
Ba mu isa Surame da farar riga ba.

Ga ganuwa. Dutse kan dutse, ja da baƙi,
Ta miƙe, ta faɗi, ta sake tashi can gaba.
Ƙadangare ne sarkin ƙofa yanzu,
Ya gyaɗa mana kai, bai nemi kuɗin shiga ba.

Wani tsoho, Nomau, ya jingine kalme,
Ya taho yana share gumi da hula.
"Ku biyo ta nan, wancan gehe akwai kunama.
Nan anka ce mata ka ɗibar ruwa,
Nan anka ce dawaki ka kwana.
Ni dai haka kakana yac ce mini,
Shi ko bai ce ya gani da idonai ba."

Na zaro takarda na fara jero shekaru,
Iska na kaɗa ta, muryata na bin iska.
Yara na kallon kukar da ta tsaga bango,
Saiwarta ta rungumi dutse kamar goyo.
Kafin in kai sarki na uku na gane
Ba ni suke saurare ba.

Sai Arzika ya ƙwala kira daga kunyar gero,
Ya sheƙo da gudu, hannu a dunƙule.
Ya buɗe: ɗan ƙarfe, tsawon yatsa,
Tsatsa ta ci kunne ɗaya, ɗayan na nan.
Bakin kibiya ne, ko makaho ya shafa
Ba zai kira shi ƙusa ba.

"Malam, ta su wa ce? Ta masu gari,
Ko ta waɗanda suka zo cin gari?
Ta sami mutum, ko ƙasa ta soka?"
Na juya takarda ciki da baya,
Sarakai sun cika ta har gefe,
Ba a rubuta wanda ya ja tsirkiya ba.

Nomau ya karɓa ya juya a tafin hannu.
"Kowace damana garma na tono irinta.
Ƙarhe ba shi da gari, ɗiyana.
Wanda tas samu da wanda yah harba,
Duk gero guda sunka zama,
Kuma ban taɓa jin hurar ta yi ɗaci ba."

Luba na shan fura, ta tsai da ludayi,
Ta dubi ƙwarya, ta dubi gona,
Sannan ta shanye, ba ta rage ba.

Modi ya tada mota, rana ta karkata,
Hanyar nan ba a son ta da magariba.
Arzika ya tona rami gindin ganuwa,
Ya mayar da ƙarfen, ya rufe, ya taka.
Na so in ce a kai shi gidan tarihi,
Bakina ya buɗe, maganar ba ta fito ba.

A mota barci ya kwashe su, kai bisa kafaɗa,
Ƙafafu jawur da ƙasar Surame.
Takardata na miƙa wa Modi
Ya goge baƙin mai a hannu.
Ran Litinin zan shiga aji da alli,
Har yanzu ban san me zan sa a allo ba.